Tambaya da Amsa: Cire bayan hoto ba tare da lalata asalinsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon hoto a Mabera, cikin garin Sakkwato. In na goge bayan hoton amarya da magogi a Photoshop, sai washegari dangi su dawo su ce an cinye bakin gyale, ko a mayar da ƙawar da aka cire, ni kuwa na riga na adana na rufe. Mi za ni yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da magogi ya ci, aka adana aka rufe, ya tafi ke nan, sai dai ka koma kan asalin hoton da ya fito daga kyamara. Shi ya sa muke cewa a ajiye magogi a kama mas ɗin leya (layer mask). Leya ita ce kowane shimfiɗi na hoto da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, mas kuwa mayafi ne da ake ɗora mata. Shi ba ya share komai, ɓoyewa kawai yake yi.

Zaɓi leyar hoton, ka danna alamar nan mai kusurwa huɗu da da'ira a ciki, wadda ke ƙasan jerin leyoyi. Wani farin akwati zai fito kusa da ƙaramin hoton. Danna B ka ɗauki buroshi, sannan D don launuka su koma baƙi da fari. Inda ka shafa baƙi ya ɓuya, inda ka shafa fari ya dawo, X kuma ke musanya su. In dangi sun dawo ko bayan wata shida ne, fari za ka shafa, ƙawa ta dawo wurinta.

Maganar gyale ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Mas yana da matakai 256 daga baƙi zuwa fari, kuma toka-toka na nuna wani ɓangare ne kawai. Gyale mai shara-shara ba a datse shi da baƙi tsantsa. Rage ƙarfin buroshi zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari, ka yi ta shafawa a hankali har sabon bayan ya riƙa leƙowa ta cikin yadin. Hula da rawani kuwa bakinsu tsayayye ne, buroshi mai tauri suke so.

In ka ga baƙi yana zuba a fuskar amarya, kan hoton kake, ba kan mas ba. Yi Ctrl da Z, ka danna akwatin mas ɗin. Kafin a kai aiki wurin buga babban hoto (banner), riƙe Alt ka danna mas ɗin, za ka gan shi tsirara. Duk wani dabbaren toka a cikin baƙin, ragowar tsohon bango ne. Allon kwamfuta kan ɓoye shi, amma babban bugu ba ya rufa asiri. In kuma farin zare ya kewaye mutum bayan an ɗora shi kan bango mai duhu, sa wa mas ɗin tacewar Minimum, mai ɗan rage farin ɓangarensa, ta fiksel (ɗigon hoto) 1 ko 2, ka sassauta bakin da feda (Feather, mai laushin baki) kamar 0.5.

Tambaya: Malam, na yi mas ɗin, na adana, da na buɗe sai na tarar babu shi. Daga wata ɗaliba a Gidan Igwai.

Amsa: Malama, a JPEG kika adana, shi kuwa yana haɗe leyoyi su zama ɗaya. PNG na riƙe wurin da aka ɓoye a matsayin fanko, amma ba ya riƙe mas ɗin. Ki adana aikin a PSD, wato fayil ɗin Photoshop mai riƙe leyoyi da mas, ki fitar da kwafin JPEG daban don WhatsApp ko mai bugu. In GIMP kike amfani da shi, wato wani shirin gyaran hoto wanda kyauta ne, nasa fayil ɗin XCF ne. Kuma kada ki zaɓi umarnin da ke manne mas da leya, don daga nan abin da ke ɓoye ya goge dindindin.