Me ya hana gidajen Venis nutsewa?

Ka tambaye ni, ɗana, yadda gidajen Venis ta ƙasar Italiya suka shekara ɗaruruwa a tsaye cikin ruwa, da kuma dalilin da ya sa fuskarsu duk tagogi ce. To, fara daga harsashi, kamar kullum.

Wurin taɓo ne tsantsa a cikin tafkin ruwan gishiri. Maginansu sai su kakkafa turakun itace kusa da kusa cikin taɓon har ya matse ya yi tauri, su shimfiɗa katako a kai, sannan su ɗora farin dutsen da ake kawowa daga yankin Istiriya, a tsallaken teku, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Kada ka ce itacen zai ruɓe. Iska ce ke ruɓar da itace, shi kuwa wannan yana binne a laka, iska ba ta kai masa. Gadar Riyalto ta tsakiyar birnin, wadda magini Antonio da Ponte ya gama a 1591 a kan irin turakun nan take, kusan 12,000.

Tunda ƙasar ba ta ɗaukar nauyi, dole ginin ya yi sauƙi. Jan bulo suka yi amfani da shi, bango siriri, kwaɓin farar ƙasa. Wannan kwaɓin ina so ka riƙe shi da kyau: idan gini ya ɗan zauna, farar ƙasa tana bi da shi, siminti kuwa tsagewa yake yi. Katakon bene kuma a kan bangon gefe da gefe yake kwance, don haka bangon gaba ba ya ɗauke da kaya mai yawa. Shi ya sa suka samu damar huda shi da tagogi yadda suke so, kamar gidan Ca' d'Oro da attajiri Marino Contarini ya gina wajen 1430.

Sauran kuma aikin kasuwa ne. Masu gidajen fatake ne, jiragensu na zuwa Iskandariya ta Masar da Kustantiniya (Istanbul ta yau) su dawo da masoro da alharini. Saboda haka babbar ƙofar gida ruwa take kallo, kwale-kwale ya tsaya a bakinta a sauke kaya. Ƙasa sito ne da wurin ciniki, iyali suna sama inda danshi bai kai ba. A Fulorans, wani birnin Italiya, attajiri yakan gina gida da kakkauran dutse da ƙananan tagogi a ƙasa don tsoron faɗan cikin gari. Venis ruwa ne ganuwarta, ba ta buƙaci haka ba.

Abin da ke damuna yanzu gishiri ne. A ambaliyar 1966 ruwa ya kai santimita 194 sama da ma'aunin tsayin teku da ake amfani da shi a can. Duk sanda ya haye saman farin dutsen nan, bulo ya sha, gishirin ya bushe a ciki ya dinga marmashe shi, yadda kake ganin danshi na cin gindin katanga a nan bayan damina. Masu gyara sukan cire bulon da ya ci ɗaya bayan ɗaya su sa sabo, da farar ƙasa kamar yadda aka fara.