Amsa ga mai son shiga sauraron makaɗan Berlin karo na farko

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce watanka uku da zuwa karatu Berlin, kullum kana wuce ginin nan mai ruwan zinare da ke kusa da Potsdamer Platz, kana so ka shiga ka ji babbar ƙungiyar makaɗan birnin da kunnenka, amma ba ka san tikitin da za ka saya ba, ba ka san kayan da za ka sa ba, kuma kana tsoron yin tafi inda ba a yi. Maganar tafi za mu zo kanta. Wadda ta fi jawo wa sabon shiga asara ita ce ta tikiti, don haka da ita zan fara.

Sunan ginin Philharmonie, sunan ƙungiyar kuma Berliner Philharmoniker, kuma ba abu ɗaya ba ne. An kafa ƙungiyar a 1882, ginin kuwa sai a 1963 aka buɗe shi. Nan ne gidansu, amma ba su kaɗai ke wasa a ciki ba. Ƙungiyoyi irin su Deutsches Symphonie-Orchester da Rundfunk-Sinfonieorchester da Staatskapelle duk suna hawa dandamalin nan, ga baƙi daga wasu ƙasashe, ga 'yan kasuwa masu kama hayar zauren. Mutum sai ya ga "Philharmonie" a jikin talla ya biya kuɗi, ya zauna, sannan ya gane wasu ne daban. Waɗancan ukun da na ambata gwanaye ne, kuma tikitinsu yakan fi araha, ba faɗuwa ba ce. Amma in Berliner Philharmoniker ɗin da Kirill Petrenko ke jagoranta tun 2019 kake nema, to ka duba sunan ƙungiyar, kada ka tsaya ga sunan gini. Ka kuma duba zauren: babban yana ɗaukar mutum 2,440, ƙaramin da ke manne da shi, wanda aka buɗe a 1987, na ƙananan ƙungiyoyi ne. Ka saya a shafinsu na intanet ko a tagar sayar da tikiti ta ginin, ka rabu da 'yan bumburutu. In an ce kujeru sun ƙare kada ka fid da rai, mutane suna mayar da nasu, sai ka riƙa leƙawa a kwana biyun ƙarshe. In shekarunka ba su kai 30 ba ka nemi ClassicCard, ragi ne mai tsoka ga matasa. Yawanci shiri ɗaya sukan maimaita shi dare uku a jere, Alhamis, Juma'a da Asabar, to in ka rasa wannan ka nemi wancan.

Sai wurin zama, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ginin nan ba irin wanda ka saba gani ba ne. Hans Scharoun, wanda ya zana shi, tsakiya ya sa makaɗa, ya kewaye su da masu sauraro hawa-hawa ta kowane ɓangare, kamar yadda ake kewaye 'yan dambe. Saboda haka abin da kunnenka zai ji ya danganta da inda ka zauna. Rukunin A da B da C suna gaban makaɗa, H da K suna bayansu, sauran suna gefe. Sahun farko na A yana ruɗin baƙo, yana ganin ya samu kusa. Abin da zai samu shi ne ƙarar masu gogen da ke bakin hancinsa, har yana jin numfashinsu da kartar izga a kan tsirkiya, masu busa kuwa ba zai ma gan su ba. Sauti yana bukatar 'yar tazara kafin ya gauraya, kamar miyar da sai ta ɗan jima a wuta. Ƙarshen A ko farkon B ne inda komai ke haɗuwa, shi ya sa kuɗinsa ya fi zafi.

Ni shawarata ga ɗalibi ita ce H, bayan makaɗa. Ya fi sauƙin kuɗi, kuma fuskar madugun, wato mai jagorantar makaɗa da sanda, kake kallo, ba ƙeyarsa ba. Za ka ga yadda yake ɗaga gira mutum 16 su sassauta hannu a tare, yadda yake jan numfashi kafin ya sauke sanda, yadda yake kallon mai busa tun kafin layinsa ya zo. Wanda bai taɓa ganin wannan ba yakan ɗauka madugu rawa kawai yake yi. Amma akwai kuɗin da za ka biya da kunne: ƙahonin tagulla masu lanƙwasa bakinsu baya yake kallo, wato kai yake kallo, ga tambura a ƙarƙashin ƙafarka, don haka su za su danne masu goge. Kuma in a daren akwai mawaƙi ko mai fiyano ko wani gwani da zai tsaya shi kaɗai a gaba, kada ka sayi H. Murya gaba take tafiya, murfin fiyano ma gaba yake tura sauti, kai ragowa za ka samu. A irin wannan dare ka nemi gaba, in fiyano ne kuma ka zauna ta hagu don ka ga yatsu.

Tikitinka zai zo da harafin rukuni, sai kalmar links ko rechts, wato hagu ko dama, sai Reihe wanda shi ne sahu, sai Platz lambar kujera. Matakalan harabar nan sun sha ɓatar da 'yan gari ma, domin kowane rukuni da tasa hanyar, kuma in ka hau ta dama alhali kujerarka na hagu, saukowa za ka yi ka sake. Ka isa da minti 40 a hannu. Daga tashar Potsdamer Platz, ko ta layin jirgin ƙasa na U2 ko na S1 da S2, tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma. Ka ba masu ajiya rigar sanyi da jakar baya su ba ka lamba, ka zaga bayan gida, ka nemi ƙofarka. Akan kuma yi ɗan bayani kan kiɗan daren kafin a fara, da Jamusanci, in kunnenka ya fara kamawa. Wanda ya makara ba a buɗe masa ƙofa sai an kai gaɓar da aka tsaya, kuma in shirin daren kiɗa ɗaya ne dogo babu hutu, kamar simfoni (dogon kiɗan da ƙungiya duka ke yi) na 3 na Mahler da ke haura minti 90, to makara na iya cinye maka daren dungurungum. Ka kula da lokaci a jikin tikiti, na tsakiyar mako yawanci ƙarfe 8 ne, na Asabar kan zo ƙarfe 7.

Tufafi ba doka. Za ka ga mai kwat, za ka ga mai wandon jins. Kaftaninka da hula sun wadatar, har ma za su yi kyau. Abin lura ba kyan kayan ba ne, ƙararsu. Shadda mai sitaci da ta sha bugu tana kuka duk sanda ka motsa, kuma a zauren nan ana jin ta sahu uku. Babbar riga za ta malala kan kujerar maƙwabci. Ka sa yadi mai laushi. In da 'yar'uwa za ku je, ta rage tsawon ɗaurin ɗankwali saboda na baya, ta bar awarwaro masu kaɗawa a gida. Turare kuma kaɗan, awa biyu za ku yi kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ba su saba da ƙarfin namu ba.

Dalilin duk wannan takatsantsan ɗaya ne: babu lasifika. Mutum 80 zuwa 100 ne a dandamali, kusan 60 daga ciki masu kayan tsirkiya ne, daga ƙaramin goge har zuwa ƙaton da sai an tsaya ko an hau doguwar kujera ake goga shi, sauran masu sarewa da dangin algaita, masu ƙahonin tagulla, da masu ganguna. Duk abin da ka ji daga katako da tsirkiya da huhun ɗan'adam ya fito. In sun taso gaba ɗaya za ka ji shi a ƙirjinka, in sun kwanta kuma sukan yi ƙasa har ka riƙa tantamar ko akwai sauti ko babu. Zauren da aka gina don ya kai wannan ɗan siririn sauti kujerar ƙarshe, shi ne zai kai tarinka da ƙarar ledar alewarka. Mu mun taso inda ake nuna jin daɗin kiɗa da guɗa da liƙi da kirari, makaɗi ma in bai ji an motsa ba sai gwiwarsa ta yi sanyi. A nan shirun shi ne liƙin. Waya a kashe ta gaba ɗaya, domin girgizarta a kan katako ma ana ji, kuma ba a ɗaukar hoto ko bidiyo ana cikin kiɗa. Lokacin sanyi iskar ɗaki a bushe take, maƙogwaro kan yi ƙaiƙayi, to ka ɓare alewa biyu tun a waje ka riƙe a hankici. In tari ya ci ƙarfinka, ka toshe baki da hankicin ka jira inda masu tagulla suka ɗaga.

Ga yadda daren ke tafiya. Makaɗa za su fito, a tafa. Babban mai goge, wanda ke zaune daf da hagun madugu, zai miƙe, mai obo ya busa sauti guda, kowa ya daidaita kayansa da shi. Obo ɗin nan ɗan'uwan algaita ne, harshe biyu na kara gare shi, kuma muryarsa tana ratsa hayaniya, shi ya sa shi ake bi. Wannan ba kiɗa ba ne, saiti ne. Sai a yi tsit, madugu ya fito, a tafa. Shiri na al'ada yakan fara da gajeren kiɗa na kamar minti goma, sai konceto, inda gwani ɗaya ke gaba ƙungiya na raka shi, kamar rabin awa, sai hutun rabin lokaci na kusan minti 20, sai simfoni. Duka awa biyu ko ƙasa kaɗan.

To tafi. Simfoni yawanci babi huɗu ne, konceto uku, kuma tsakanin babi da babi akan tsaya na 'yan daƙiƙu. Wannan tsayawar ba ƙarshe ba ce, ba a tafi. Takardar shiri za ta jera maka babukan da kalmomin Italiyanci masu nuna sauri: Allegro mai hanzari, Andante tafiyar ƙasaita, Adagio a hankali, Presto gudu. Ka riƙa ƙirgawa da yatsa. Sai dai ƙirga ma tana yaudara. A simfoni na 5 na Beethoven babi na uku yana zarcewa cikin na huɗu ba tsayawa, sai ka ƙirga uku alhali an gama. A na 6 na Tchaikovsky babi na uku yana ƙarewa da rugugi kamar an tashi kasuwa, kusan ko'ina a duniya sai an samu waɗanda hannunsu ya kuɓuce, alhali akwai na huɗu mai sanyin jiki da ke mutuwa a hankali har ya ɓace. Na 5 na Sibelius kuwa da duka shida yake rufewa, da dogon shiru tsakanin kowanne, wanda ya yi gaggawa sai tafinsa ya faɗa cikin ramin. Dabarar da ba ta ba da kunya ita ce ka kalli hannun madugu. Muddin yana sama, ko da babu sauti, ba a gama ba. Sai ya sauke, kafaɗunsa sun saki, masu goge sun sauke nasu, sannan. Kuma babu ladan da ake ba wanda ya riga kowa, ka bar 'yan gari su fara. In ka kuskure ka tafa, ba abin da zai faru illa wata tsohuwa ta waiwayo ta dube ka.

Abu ɗaya da zai ninka maka amfanin kuɗinka: ka saurari kiɗan daren sau biyu a gida kafin ka je. Wannan kiɗa ba shi da amshi da ke dawowa kowane minti, ɗan gajeren zance ne ake kawowa a farko, a juya shi, a miƙa wa masu busa, a ɓoye shi, a dawo da shi bayan minti goma da wata kama. Kunnen da ya riga ya san zancen shi ke gane shi in ya dawo, wanda bai sani ba kuwa barci ke ɗaukarsa a babi na biyu. Berliner Philharmoniker suna da shafin intanet mai suna Digital Concert Hall tun 2008 inda suke ajiye wasanninsu, YouTube ma ya isa. Karon farko ka zaɓi daren da ke da Beethoven ko Dvořák ko Tchaikovsky, ka bar Bruckner da Mahler sai kunne ya faɗa. In kana so ka ɗanɗana kafin ka kashe kuɗi, a lokacin kakar wasa suna yin na kyauta sau ɗaya a mako da ƙarfe 1 na rana a harabar ginin, 'yan makaɗa kaɗan ne, ana zama har kan matakala, amma ana ƙayyade yawan masu shiga, sai ka je da wuri.

Ka lissafa sallarka tun daga gida. A Disamba rana na faɗuwa a Berlin kafin ƙarfe 4, ka ga Magariba da Isha duk ka sauke su kafin ka fito. A ƙarshen Mayu da Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9 take faɗuwa, wato kana cikin rabi na biyu, hutun ma ya riga ya wuce, don haka ko ka shirya yin ta da zarar an tashi wajen ƙarfe 10, ko ka zaɓi na Asabar mai farawa ƙarfe 7. A wurin sayar da abin sha lokacin hutu, abin da ke cikin dogayen kofunan nan masu kumfa giya ce, ka nemi ruwa ko Apfelschorle, ruwan tuffa ne da soda. Layin yana da tsawo, kuma da ka ji ƙararrawa ka ajiye kofi ka koma, ba a shiga da shi.

In an gama, madugu zai fita ya dawo sau uku ko huɗu, yana nuna waɗanda suka yi fice ɗaya bayan ɗaya su miƙe, a nan in ka ga dama ka ɗaga murya ba mai harararka, hoto ma yanzu ya halatta. Gwanin konceto yakan ƙara ɗan gajeren kiɗa kafin hutu in an matsa masa da tafi, amma ƙungiyar ba kasafai take ƙari a gidanta ba. Lambar ajiyar rigarka ka sa ta a aljihun gaba tun farko, domin mutum dubu biyu ne za su sauko neman riga a lokaci guda.