Yaya, amsar tambayarka kan kartar da ka gani a sitatus ɗina

Assalamu alaikum Yaya. Na ji saƙon muryarka tun shekaranjiya, sau biyu ma na saurara, aiki ne ya riƙe ni, kuma na ga maganar ba ta minti ɗaya ba ce gara in zauna in rubuta maka a natse. Ina fatan su Inna da yara duk lafiya, ya zafi ya hidima.

Ka ce ka ga hoton karta a sitatus ɗina gabanka ya faɗi, wai ko caca muka koma yi a Amurka. Wallahi ban ji haushi ba, don ni ma da a Kano nake na ga ƙanena da karta a waya abin da zan fara kawowa kenan, tunda mu mun taso in an ce karta to bayan tasha ne ko gindin wata bishiya da kuɗi a ƙasan tabarma. Amma wannan ba sisin kowa a ciki. Sunan wasan finakul, haka suke faɗi a baki, a rubuce kuma pinochle, ka riƙe rubutun don da shi za ka nema a intanet.

Bari in faɗa maka inda na same shi. Ka san aikina a gidan kula da tsofaffi ne a nan gefen Filadelfiya, kuma ƴan Afirka ta Yamma da yawa irin aikin da muke yi kenan. To akwai wasu tsofaffi huɗu da kullum bayan abincin rana sai an tura su teburin bakin taga, ɗaya da robar iska a hanci, ɗaya hannunta na rawa har sai an sa mata katunan a wani ɗan katako mai tsaga don ba ta iya riƙewa, amma in ka ga yadda suke lissafi sai ka rantse ba su ne ke manta ko sun sha magani ba. Ran nan aka kai ɗayansu asibiti bai dawo ba. Kwana biyu su ukun suna zama a teburin ba sa raba karta, sai tsohuwar nan mai rawar hannu ta kira ni ta ce in zauna a kujerar ko na minti goma ne lokacin hutuna. Na ce ban iya ba, ta ce ita ma kakanta ne ya koya mata a teburin kicin tana yarinya. Haka na fara.

Asalin wasan daga Turai ne, Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka su suka zo da shi, a can kudancin Jamus har yau akwai ɗan'uwansa da suke kira Binokel. Jihar nan tamu ta Fensilbaniya kuwa cike take da jikokin Jamusawa, shi ya sa ya kama ƙasa sosai, daga baya ya bazu har cikin baƙaƙen Amurka da tsofaffin sojoji.

Ba kamar Whot ba ne da kowa ke ta kansa yana neman ya riga zubar da katunansa. Nan mutum huɗu ne, biyu-biyu, abokinka yana fuskantarka. Katunan 48 ne, babu su biyu uku huɗu, daga tara ne sai jak, sarauniya, sarki, goma da as, kowanne guda bibbiyu a kowace kala. Abin da ke fara rikita sabon shiga shi ne goma ta fi sarki ƙarfi, as kaɗai ke gabanta. Kowa a ba shi 12. Daga nan sai tayi, kuma wallahi kamar ciniki a Kwari yake, ka duba hannunka ka ce ni da abokina za mu kawo maki kaza, na kusa da kai ya ƙara ko ya janye, wanda tayinsa ya fi shi zai zaɓi kalar da za ta yi mulki a wannan rabon, wato wadda za ta fi sauran kalolin ƙarfi. Sai kowa ya shimfiɗa abin da ya haɗa a ƙirga masa. Sarki da sarauniya kala ɗaya aure suke ce masa, maki 2, in a kalar mulki ne 4. As huɗu na kala huɗu 10. As, goma, sarki, sarauniya da jak a jere na kalar mulki 15. Sarauniyar shebur da jak na daiman kuwa su ne ainihin finakul ɗin da wasan ya ci sunansa, maki 4 kacal, amma in Allah ya ba ka su bibbiyu sai ya tashi 30. Bayan nan a kwashe katunan a fara bugawa, dole ka bi kalar da aka jefa, in kana da wadda ta fi dole ka ɗora, in ba ka da kalar dole ka sa ta mulki. In kuka kasa cika abin da ka taya sai a zabtare muku shi gaba ɗaya daga makinku, shi ya sa mai cika baki ba ya daɗewa a wasan nan. Akwai kuma na karta ninki biyu, katuna 80 an cire tara-tara, kowa 20 a hannu, shi ne mu muka fi yi yanzu.

Ƴan'uwanmu na Nijar ba su sha wahalar koyo ba sam, don sun taso da belot na Faransawa, shi ma biyu-biyu ne kuma goma na gaban sarki. Wani mutumin Maraɗi da muke tare dare ɗaya ya gane kansa, washegari har yana gyara mini tayi.

Yanzu ga ainihin abin da nake so ka fahimta Yaya, don shi ne dalilin da ya sa abin ya shiga cikinmu. A nan babu majalisa. Babu dakalin ƙofar gida da za ka fito bayan la'asar ka tarar da mutane, babu mai shayi da za a taru. A watan Disamba kafin ƙarfe 5 na yamma duhu ya rufe, sanyi kuma ba ya barin ka tsaya a waje ko gaisawa ku gama, wannan yana aikin dare wancan yana tuƙin Uber har asuba, wani ya koma Ohayo wani yana Bronx, sai ka yi wata biyu ba ka ga ɗan'uwanka ba in ba Juma'a ko suna ko rasuwa ba. Na san mutanen da kaɗaici ya taɓa su sosai a ƙasar nan, magidanta, ba yara ba. To daren Asabar mu huɗu muke buɗe tebur a intanet, mu kuma kira juna a WhatsApp mu ajiye wayar a gefe, ana buga karta ana hira da Hausa, a nan za ka ji wane ya rasa aiki, wane matarsa ta sauka, wane za a haɗa masa kuɗin kai gawar mahaifinsa gida. Rabin gudummawar da muka tara bara a wannan teburin aka fara maganarta.

Ban ɓoye maka ba, a cikinmu ma akwai waɗanda ba sa yi. Malamai sun yi magana a kan karta, akwai masu hanawa ko da babu kuɗi saboda cin lokaci da shagala, kuma akwai wani dattijonmu da ya tsaya a kan haka, ba ma gayyatarsa kuma ba ma yi a gabansa, girmansa ne. Mu da muke yi mun sa wa kanmu iyaka, ba kuɗi ko na wasa, lokacin salla ya yi a tashi, sha biyun dare a rufe.

Sai maganar inda za ka samu kyauta tunda ka ce kana so ka gani da idonka. Tsofaffin wurin aikina har yanzu suna zancen na Yahoo da suka saba da shi kafin a rufe sashen wasannin. Ni shafuka uku na sani na kuma gwada. In koyo kake so fara da CardGames.io, ba rajista ba komai, ka buɗe a burauza ka buga da kwamfuta, ka yi kuskurenka ba mai yi maka tsawa. World of Card Games kuma da mutane na gaske ake yi, amma kar ka shiga can sai hannunka ya faɗa, don baƙon da ka ɓata wa tayi ba lallai ya yi maka haƙuri ba. Wanda muke zama a kai shi ne Trickster Cards, saboda yana barin ka buɗe teburinka ka gayyaci mutanenka kaɗai, ku zaɓi dokokin da kuka saba, yana yi a waya yana yi a kwamfuta. Ni a wurina wannan ne ma'aunin shafi mai kyau, ya bar ni in zauna da waɗanda na sani.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne manhajojin da ke cewa kyauta ne amma da ka shiga sai su ba ka wasu sulalla na bogi, kowane tebur sai ka zuba, in sun ƙare su ce ka saya da katin banki. Na taɓa sauke irin wannan a farko, kwana uku na goge, ga talla bayan kowane rabo, ga wannan saye-sayen, raina bai kwanta ba ko kaɗan don ƙofar cacar da kake tsoro kenan ko da sun canja mata suna. Duk inda aka tambaye ka lambar kati ko aka nuna maka sulalla fita kawai. Kuma kar ka bar su Abba su sauke irinsu a wayar Inna.

In ka yi sati kana gwadawa da kwamfuta ka ji ka fara gane tayi, faɗa mini. Yanzu tsakaninmu awa biyar ne, in sanyi ya shigo aka mayar da agogo ya koma shida, don haka daren Asabar ɗinmu tsakar dare ne a wurinku ba zai yiwu ba, amma na yi magana da mutumin Maraɗin nan ya ce ran Lahadi da ƙarfe 11 na safe namu, wato 4 na yamma naku, in ka idar da la'asar sai in turo maka gayyatar. Ni zan zama abokinka a teburin. A gaida Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya.