Kafin ka yabi injin, juya masa allon tukuna

Ka ce wai ka jera wa injin chess ɗinka, wato manhajar da ke buga wasan, zama ashirin (yadda 'yan wasa ke jere a allo) daga wasannin manyan giranmasta, gwanayen chess na da, ya gano takun da suka yi a sha bakwai, shin ya isa a ce yana da ƙarfi. Da ban yi niyyar amsa maka ba yaro, irin abin da ya kamata ka zauna ka gano da kanka ne, amma na ga ka sa wasan Topalov da Shirov a ciki, ni kuwa duk sanda na ga wannan zaman sai raina ya ɓaci, don a kansa aka yi min cutar da har yau ban huce ba.

Ka dai san zaman, gasar Linares 1998, Shirov ne da baƙi. Sarkinsa na gidan e6, bishof na f5, sojoji huɗu a a4, d5, f6 da g6, Topalov kuma sarki a g1, bishof a c3, sojoji biyu g2 da h4. Bishof ɗin nasu ba launi ɗaya suke bi ba, kowa ya san irin wannan ƙarshen canjaras yake zuwa ko da ka fi mutum soja biyu. Sai Shirov ya ɗauki bishof ɗinsa a taku na 47 ya ajiye a h3, a bakin soja, kyauta. Dalili kawai ya buɗe wa sarkinsa f5 ya wuce e4 kafin sarkin Topalov ya iso ya tare hanya, taku ɗaya yake saye da bishof guda. Injunan wancan lokacin sun daɗe suna shan wuya a nan saboda ribar tana can nesa, su kuma da sun ga bishof ya tafi sai su datse reshen su daina duba shi.

To a shekarun da abin ke ba su wuya wani mutum ya zo min, ba zan faɗi sunansa ba, ya ce ya rubuta sabon injin yana so in gwada in rubuta rahoto da sunana a kai, za a biya ni in an gama. Lokacin in na ce injin yana da kyau mutane ba sa sake tambaya, shekaru na yi ina gina wannan sunan. Na ɗora masa zama 24 na gwajin Bratko da Kopec na 1982, ya share su, ban damu ba don ko a lokacin sun tsufa. Na ɗora masa 11 na Pierre Nolot na 1994, waɗanda su ne dodon injuna a da, na farkonsu wasa na 20 tsakanin Kasparov da Karpov a Lyon 1990 inda doki ya ci h6, kafin in gyara zama ya fito da shi. Sai na sa Shirov. Wallahi ban ɗauke hannu daga kibod ba Bh3, wato bishof zuwa h3, ya bayyana a sikirin. Na tashi tsaye. Wata uku na yi a kan aikin nan, na ajiye na wasu mutane da suka fi shi mutunci, na rubuta rahoto na yabe shi na sa hannu, shi kuma ya ɗauka ya yi ta tallar kayansa da shi.

Bayan wasu makonni ina shirya darasi cikin dare sai na ce bari in juya zaman Shirov hagu ya koma dama, don ɗalibaina sun haddace shi. Babu kasilin a zaman, wato takun da sarki da ruk ke matsawa tare, saboda haka juyawar ba ta canza komai, bishof ya koma c5, takun ya zama Ba3, lissafi ɗaya ne sak. Na ba injin mutumin. Minti ɗaya shiru, minti goma yana ta yawo da wasu taku na banza, na bar kwamfutar a kunne har asuba bai ko leƙa a3 ba. Na mayar da allon yadda yake, nan take Bh3. Gumi ya keto min. Na juya na Nolot, na musanya fari da baƙi, ya makance gaba ɗaya. Ashe mutumin cusa sanannun zaman ya yi a cikin injin da amsoshinsu, da ya ga allon sai ya zaro amsa kamar yaron da ya shiga jarrabawa da satar amsa a aljihu, ba lissafi yake ba ko kaɗan. Na kira shi ya ce ai wannan ilimi ne ya koya wa injin, daga nan ya daina ɗaga waya, ragowar kuɗin aikina har yau ban gani ba, amma ba kuɗin ke ci min rai ba, janye rahoton da na yi da hannuna a gaban mutanen da suka yarda da ni, akwai waɗanda ba su sake kawo min aiki ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Don haka sha bakwai ɗinka ba ta gaya min komai ba. Yadda ake saka FEN ko jera EPD, hanyoyin rubuta wa injin zaman allo, ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar. Kowane zama ka juya shi, ka musanya launi, in amsa ta canza akwai matsala. Ka goge hash, ma'ajiyar da injin ke ajiye lissafin da ya riga ya yi, kafin kowane gwaji, na tabbata ba ka yi ba, kun saba ku bi wasan gaba ku ga ƙarshe sannan ku dawo baya, injin ya riga ya ajiye abin da ya gani, sai ku ce ya gano. Kuma in kana auna lokaci ka sa shi a zare ɗaya, wato layin aiki ɗaya na furosesa, da zare da yawa yau ya gano a daƙiƙa biyar gobe a hamsin, dole ka maimaita sau da dama. In ya nuna takun ma kar ka kashe, ka bar shi ya ci gaba, ka karanta layin da ya bayar, ka ga ko makin ya tashi, don wani lokaci yana faɗawa kan takun ne bisa dalilin banza, can kuma ya sake shi.

Sannan wa ya ce maka ukun da ya rasa shi ne ya yi kuskure? Kasparov da Topalov a gasar Wijk aan Zee 1999, ruk ya ci d4 a taku na 24, duniya ta yi ta tafi, amma da Topalov ya ƙi cin ruk ɗin ya matsa sarki b6 da wasan bai tafi haka ba. Giranmasta mutum ne, agogo na bin sa, yana kuma wasa da zuciyar wanda ke gabansa. Sai ka zauna da allo na gaske ka bi ukun nan da hannunka.

Wannan ne ku yaran yanzu ba kwa iyawa. Kun taso bayan injin AlphaZero na 2017, kun tarar da injin Stockfish 12 na 2020 da NNUE, ƙwaƙwalwarsa ta auna zama, a cikin waya, ido na kan sandar maki tana hawa tana sauka, a tambaye ku me ya sa sai ku ce injin ne ya faɗa. Masu gina Stockfish ɗin da kuke taƙama da shi ba da zama ashirin suke yanke hukunci ba, dubban wasanni suke bugawa tsakanin sabo da tsoho kafin su karɓi gyara ɗaya. Zaman giranmasta amfaninsa ya nuna maka inda injin yake makancewa, kamar ganuwar da ba ta fasuwa amma yana ta ba ka maki, ko inda dole mutum ya taka kuma kowane taku asara ne.

Je ka juya ashirin ɗin duka, ka ƙara goma daga wasannin da ba su yi suna ba waɗanda kai ka tono da kanka, ka rubuta lokaci da zurfi da layin kowanne a takarda, ka kawo min. Kar ka turo min hoton sikirin, ba zan buɗe ba.