Ko in ɓoye talaucinmu don jami'ar Amurka ta ɗauke ni?

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali? Ni yarinya ce 'yar shekara 18 daga Funtua. Na gama sakandaren gwamnati, kuma alhamdulillahi sakamakon WAEC ɗina ya yi kyau: A1 shida, B uku. Tun ina SS1 nake burin karanta injiniyan lantarki a Amurka, kuma makarantu uku na sa a raina: Harvard, MIT da Stanford.

Matsalar ita ce ba mu da hali. Baba tela ne, idonsa ya fara rauni, ɗinkin ma sai jefi-jefi. Umma ce ke riƙe da gida da injin markaɗenta, ni ke taya ta da rubuta bashin masu kawo niƙa, da yamma kuma ina koya wa yaran unguwa lissafi a zaure. Mu bakwai ne a gidan. Kuɗin WAEC ma sai da kawuna ya cika.

Wata ƙawata ta haɗa ni da wani ejan. Ya ce min jami'o'in can ba sa ɗaukar baƙon da ya ce ba shi da kuɗi, don haka in rubuta cewa Baba zai iya biyan dala dubu 20 a shekara. Shi zai samo takardar banki da za ta nuna haka, idan na isa can sai in nemi tallafi. Ladansa naira dubu 400. Umma ta ce za ta sayar da injin a biya shi. Ban rubuta jarrabawar shiga jami'o'in Amurka, wato SAT, ba tukuna, kuma ba na son yin JAMB don kada hankalina ya rabu biyu.

Anti, don Allah ki faɗa min gaskiya: mai irin sakamakona da irin aljihunmu tana da rabo kuwa? Kuma in bi shawarar mutumin nan?

Taki,
Mai neman mafita, Funtua

Wa alaikumus salam 'yata,

Kafin komai, ki je ki ce wa Umma kada ta taɓa injin nan. Shi ke ciyar da mutum bakwai, kuma abin da ejan zai karɓi dubu 400 a kansa, rabinsa kyauta ne ke da kanki za ki iya yi, sauran rabin kuma zai jefa ki cikin masifa.

Abin da ya sa maganarsa take da haɗari shi ne akwai gaskiya a cikinta. Yawancin jami'o'in Amurka suna duba aljihun ɗalibin da ya fito daga waje kafin su yanke hukunci. Kuɗin da suka ware wa baƙi yana da iyaka, kuma ɗalibar da ba za ta biya ko sisi ba tana cin fiye da dala dubu 80 a shekara a manyan makarantu masu zaman kansu, idan aka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya. Tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, wanda ake nema da fom ɗin FAFSA, ba na baƙi ba ne. Jami'o'in jihohi kuwa galibi ba sa ba baƙo tallafin rashin hali, sai dai ragi kaɗan don ƙwazo. Saboda haka, e, a irin waɗannan makarantu neman cikakken tallafi yana rage damarki. Stanford ma tana cikinsu.

Amma bi shawararsa zuwa ƙarshe ki gani. Kin rubuta dubu 20, an ɗauke ki, an lissafa tallafinki a kan cewa gida zai kawo dubu 20 kowace shekara har shekara huɗu. Wa zai kawo? Makarantu da yawa sun rubuta ƙarara cewa baƙon da bai nemi tallafi tun wajen neman gurbi ba, ba zai dawo ya nema daga baya ba. Bizar ɗalibi ta yarda ki yi aiki ne a cikin makaranta, awa 20 a mako a lokacin karatu, kuma wannan kuɗin sabulu da kati ne kawai. Takardar bankin bogi kuwa, idan jami'in ofishin jakadanci ya gano ta, hukuncin yaudara a dokarsu yana iya hana ki shiga ƙasar har abada, makarantar kuma ta janye gurbin. Shi ejan yana nan zaune da kuɗin injin Umma.

To ina ƙofar take? Akwai makarantu 'yan ƙalilan da ba sa kallon aljihun kowa wajen ɗauka, ɗan ƙasa ne ko baƙo, kuma duk wanda suka ɗauka suna cike masa abin da gidansu ba zai iya ba. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a haka, Dartmouth da Bowdoin suka bi sahu a 2022. A waɗannan, talaucinku ba ya rage miki komai. Sai dai duk duniya ta san haka. A shekarun nan Harvard tana ɗaukar kimanin mutum 4 cikin 100 na masu nema, MIT kuma baƙi ɗari da 'yan kai take ɗauka a shekara daga cikin dubbai. Ba zan yaudare ki ba, A1 shida tana sa a karanta takardunki ne kawai, don kusan duk wanda ke layin nan da irinta ya zo. Ki nema, amma kada jerinki ya tsaya a sunaye ukun da kowa ya sani.

Inda na fi so ki zuba ƙarfinki shi ne makarantun da ke duba aljihu, amma idan sun ɗauki mutum suna biya masa duka buƙatarsa. Tunda injiniya kike so, ki lura da kyau, don Amherst da Bowdoin ba su da wannan digirin, sai dai fiziks da lissafi. Swarthmore da Lafayette a jihar Pennsylvania suna da shi. Smith a Massachusetts ma tana da shi, kuma ta mata ce zalla, abin da na san zai sauƙaƙa miki magana da Baba da kawunnanki ranar da za a zauna a kan batun tafiya. Ga kuma Berea a Kentucky, wadda tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗalibanta, marasa hali take nema da gangan, kowa kuma yana yin aikin makaranta aƙalla awa 10 a mako. Gurbin baƙi a can kaɗan ne, amma da irinki aka gina ta.

Neman kansa ba ya buƙatar ejan. Common App, shafin intanet na neman gurbi, yana ba ki damar tura takardu zuwa makarantu har 20, kuma akwai wurin da za ki nemi a yafe miki kuɗin fom, malaminki ko shugaban makarantarku ya tabbatar. Bayanin kuɗin gida ana yin sa ne a CSS Profile, wanda ake biya wa dala 25 a makarantar farko da 16 a kowace ta gaba, amma idan kin aika wa ofishin tallafin makaranta saƙo cewa ba ki da shi, da yawa suna ba da lambar yafewa ko su karɓi nasu fom na kyauta. Baba ba shi da takardar albashi, to littafin bashin nan da kike rubutawa shi zai taimake ki ki fitar da ainihin abin da ke shigowa a wata. Ki rubuta shi yadda yake, ko da kunya ta kama ki.

Kuma kada ki raina littafin nan da ajin da kike yi a zaure. Yaranmu suna ganin sai wanda ya je gasar ƙasa da ƙasa ne yake da abin faɗa, sai su bar wurin ayyuka a fom fayau ko su ƙirƙiri ƙungiyar da ba ta taɓa zama ba. Masu tantancewa suna ƙirga hidimar gida da sana'ar iyaye a matsayin aiki. A rubutun kalma 650 da Common App ke so ki yi a kan kanki, ba hawaye suke nema ba. Ki nuna musu yarinyar da ta san dalilin da ya sa bel ɗin inji ke tsinkewa, da abin da ta yi da ya tsinke ranar da mata ke layi da bokitan wake. Ki samu malamai biyu da suka san ki da gaske, na lissafi da na fiziks, su rubuta miki shaida da misali, ba “yarinya ce mai ladabi” kawai ba.

SAT kam ki yi ta. MIT ta dawo da wajabcinta a 2022, Harvard da Dartmouth suka sanar da haka a 2024, kuma ga ɗalibar makarantar da ba su taɓa jin sunanta ba, maki mai kyau cikin 1600 shi ne shaidar da suka fi saurin fahimta. Darussan SAT na shafin Khan Academy kyauta ne. Cibiyoyin EducationUSA na gwamnatin Amurka a Abuja da Legas suna ba da shawara, kuma suna da shirin Opportunity Funds da aka yi don biya wa masu ƙwazo marasa hali kuɗin jarrabawa da fom da tafiya, sai ki tambaye su halin da yake ciki. Yawancin makarantu suna rufe karɓar takardu a farkon Janairu, masu nema da wuri kuma 1 ga Nuwamba.

Yanzu ga inda zan yi miki faɗa: JAMB. Ko an ɗauke ki da cikakken tallafi, akwai biza a gaba, kuma a Disambar 2025 shugaba Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Irin wannan doka tana tafiya da siyasa, wasu makarantu kuma kan ajiye wa ɗalibi gurbinsa zuwa baɗi, amma ba ke ke riƙe da ita ba. Ki yanki fom ɗin JAMB ki sa ABU Zariya ko BUK, duka suna da injiniyan lantarki, ga kuma rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024. Ki nemi jami'o'in Ashesi da KNUST a Ghana, waɗanda ke cikin shirin tallafin gidauniyar Mastercard. Ki nemi tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda ake buɗewa a Janairu zuwa Fabrairu ga 'yan ƙasa da shekara 21 a matakin digirin farko, ya haɗa da kuɗin karatu, masauki, tikitin jirgi, alawus da shekara guda ta koyon yarensu. Lissafi da fiziks ɗin da za ki karanta wa JAMB ba za su rage miki komai a SAT ba, ƙara miki za su yi.

Ki daina ɗaga wayar ejan nan. Idan kin haɗa jerin makarantunki, ki turo min mu duba tare, kuma ki gaishe min da Umma.

Antinki