Tambayi Likita: Eksosom da Binciken Sankarar Mama

Tambaya: Likita, na ji an ce yanzu da ɗan jini kaɗan ana gano sankarar mama ta hanyar wani abu wai shi eksosom. Mene ne shi, kuma a ina ake gwajin? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Malama, eksosom 'yan ƙananan ƙunsosi ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa cikin jini, fitsari, yawu da nono. Girmansu nanomita 30 zuwa 150 ne, ko madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba ya ganinsu. A 1983 aka fara bayyana su a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba, a lokacin ana ɗaukarsu shara ce kawai. Daga baya aka gane suna ɗauke da furotin da sinadaran gado na ƙwayar da ta fitar da su. Ke nan idan ƙwayar sankara ce ta fitar, akwai alamarta a jikin ƙunshin.

A sankarar mama an samu furotin irin su HER2, EpCAM da CD24 a kan eksosom. A 2015 ɗakin binciken David Lyden na Weill Cornell a Amurka ya nuna cewa wasu furotin da ake kira intagirin ne ke nuna inda ƙunshin zai sauka: masu α6β4 sun fi nufar huhu, masu αvβ5 hanta, kamar ƙullin saƙon da ake ba direba a tasha da sunan gari a jiki. Suna isa tun kafin sankarar, su gyara mata wurin zama. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samu furotin 144 masu ɗauke da fosfet da suka fi yawa a cikin irin waɗannan ƙunsosi na jinin masu cutar.

Amma duk wannan bincike ne. Har yanzu babu gwajin eksosom da aka amince a riƙa gano sankarar mama da shi a asibiti, ko a Turai ko a Amurka. Duk wanda ya ce ki biya ya yi miki shi don tabbatar da lafiyar mamanki, ki riƙe kuɗinki.

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyyar gwaje-gwaje ne, ina son yin aikin kammala karatu a kan furotin ɗin eksosom. Yaya ake ware su daga jini, kuma me ke ɓata sakamako? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, matsala tana farawa ne tun wurin ɗibar jini. Ka ɗiba a kwalba mai sitiret ko EDTA, sinadaran da ke hana jini daskarewa, ka yi aiki da filasma, wato ruwan jinin da bai daskare ba. Idan ka bari jini ya daskare don ka samu siram, wato ruwan da ke saura bayan daskarewar, ƙwayoyin daskarar da jini za su zubo nasu ƙunsosin masu yawa, su rufe waɗanda kake nema. Ka juya jinin a injin juyi da wuri, cikin awa ɗaya zuwa biyu, a ƙarfin 2,500 g (g ma'aunin ƙarfin juyi ne, ba giram ba) na minti 15, sau biyu, sannan ka raba shi ƙananan kwalabe ka ajiye a sanyin digiri -80 na ma'aunin Celsius. Narkewa da sake daskarewa suna fasa ƙunsosin, don haka firizar da ke bin ɗaukewar wuta ba ta dace da wannan aiki ba. Gara kuma mutum ya zo bai ci abinci ba, saboda maiƙo yana cika jini bayan cin abinci.

Tsohuwar hanyar warewa ita ce juyi hawa-hawa: 10,000 g na rabin awa don zubar da manyan ɓarɓashi, sannan 100,000 g na kimanin minti 70, a wanke abin da ya kwanta, a sake juyawa. Injin da ke kai wannan gudun yana da tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke da shi ba. Akwai kuma tacewa bisa girma a cikin bututu mai jel, wadda ta fi raba eksosom da albumin, furotin da ya fi yawa a ruwan jini. Ruwan kwantarwa da kamfanoni ke sayarwa yana da sauƙin aiki, amma yana kwaso tarkace da yawa, kuma ni ban cika yarda da lissafin furotin da aka yi da shi kaɗai ba.

Babban abokin gaba shi ne ƙwayoyin kitse na jini, waɗanda girman wasunsu ya yi daidai da na eksosom, yawansu kuma ya ninka nasu nesa ba kusa ba. Ga shi mafi yawan eksosom ɗin jini daga ƙwayoyin jinin kansu suke, na sankara ɗan kaso ne ƙalilan, musamman tana ƙarama, lokacin da aka fi buƙatar gwajin. Saboda haka dole ka nuna abin da ka ware: furotin CD9, CD63 ko CD81 su fito, TSG101 ko Alix su fito, domin su ne alamun eksosom, kalneksin kuwa, wanda ke nuna tarkacen ƙwayoyin halitta, kada ya fito, ka kuma auna ApoA1 don sanin yawan kitsen da ya biyo. Ƙa'idojin MISEV na 2018 da 2023, waɗanda ƙungiyar masu binciken waɗannan ƙunsosi ta duniya ta fitar, sun fayyace wannan. Kada kuma ka gwada masu sankara da masu ƙoshin lafiya kawai. Ka saka mata masu kumburin mama wanda ba sankara ba, domin su ne likita ke son bambancewa.

Tambaya: Wata biyu ke nan ina jin ƙulli a mamana na hagu, ba ya ciwo. An yi mini gwajin jini na CA 15-3 aka ce lafiya lau. Ina tsoron allurar ɗibar tsoka, an ce tana watsa cutar. Ko in jira sabon gwajin jinin? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kada ki jira. CA 15-3 ba don gano sankara ake yin sa ba, don bin diddigin wadda ta riga ta bazu ne, kuma sau da yawa yakan fito daidai a farkon cutar. Rashin ciwo ma ba shaida ba ne, sankarar mama takan fara ba zafi. Yawancin ƙulli ba sankara ba ne, amma abu uku ne ke tabbatarwa: likita ya duba da hannu har hammata, a yi hoto (sikanin ga 'yar ƙasa da shekara 35 zuwa 40, mamogiram, wato hoton X-ray na mama, ga wadda ta haura), sannan a ɗebi tsoka da allura bayan an kashe zafin wurin. Allurar ba ta watsa cutar cikin jiki. Jinkiri ne ke ba ta damar bazuwa, kuma shi ya sa mafi yawan matanmu ke isa asibiti tana mataki na 3 ko na 4.

Ki roƙa a gwada furotin ER, PR da HER2 a tsokar, don su ne ke nuna maganin da zai yi aiki. A saka tsokar cikin fomalin, ruwan da ke hana ta lalacewa, kafin awa ɗaya, ta zauna awa 6 zuwa 72. Idan ta bushe a hanya ko ta daɗe fiye da haka, sakamakon na iya fitowa ba daidai ba.

Tambaya: Yayata tana karɓar allurar trastuzumab. Na karanta cewa eksosom na hana ta aiki, mu daina? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, kada ku daina. A 2012 masu bincike a Milan ta Italiya sun nuna cewa eksosom masu HER2 na iya kama wannan magani, wanda aka yi shi don ya kama HER2, kafin ya isa ga ƙwayar sankara, amma yawancin aikin a kan ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji ne, kuma ba a sauya wa kowa magani da shi. Yawanci ana ba da allurar duk mako uku har shekara ɗaya idan cutar ba ta bazu ba. Abin da za ku kula da shi shi ne hoton zuciya kusan duk wata uku, domin maganin na iya raunana bugunta. Idan ta fara haki ko ƙafafunta suka kumbura, ku sanar da likitanta kafin allura ta gaba.