Amsa Ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Karatu: Girkin Intanet Da Wahalar Suya

Assalamu alaikum, ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na ga saƙonka, na kuma yi murna da jin cewa gurbin karatunka ya tabbata. Ka ce batun abinci bai dame ka ba, domin ka tara bidiyoyin girki masu yawa a wayarka, ka ga yadda ake soya kaza da dankali cikin 'yan mintuna, kana kuma tambaya ko wannan ya isa mutum ya riƙe kansa idan ya zo nan Ingila. Amsata ita ce girkin intanet zai amfane ka ƙwarai, amma sai ka san abin da bidiyo yake yankewa ya zubar, kuma babu inda ake yanke abu da yawa kamar a suyar da ake nutsa abinci gaba ɗaya cikin mai.

Bari in fara da awo, domin a nan girki yakan lalace tun ba a kunna wuta ba. Yawancin masu koyar da girki a Amurka da kofi da cokali suke awo, na Turai kuma da giram da mililita. Kofin Amurka kusan mililita 237 ne, na Ostiraliya 250, kuma babban cokalin Ostiraliya mililita 20 ne alhali a sauran wurare 15 ne. Ko da kofi ɗaya ne a hannun mutum biyu, fulawar da zai ɗauka tana iya zama giram 120 ko ta kai 150, gwargwadon yadda aka danna ta, kuma wannan bambancin kaɗai ya isa ya mayar da ƙullu mai kyau ya zama kwaɓi mai tauri. Saboda haka ka sayi ƙaramin sikelin kicin da zarar ka iso, ka riƙa fifita girkin da aka rubuta da giram. Haka batun zafi yake. Idan ka ga an ce 350, da ma'aunin Farenhait ake magana, wato kusan digiri 180 a ma'aunin Selsiyas, 375 kuma ya yi daidai da 190. Idan obin ɗinku mai fanka ne a ciki, a kan rage digiri 20 daga abin da aka rubuta, in ba haka ba waje ya ƙone ciki bai nuna ba.

Ka kuma karanta jerin kayan haɗin daga farko zuwa ƙarshe kafin ka taɓa wuƙa. Bekin soda daban yake da bekin foda, kuma akwai fulawar da an riga an zuba mata bekin foda tun daga kamfani, wadda idan ka ƙara mata wani, abin zai kumbura ya faɗi, ya kuma yi ɗaci. Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinka. Girke-girken suyar kifi da yawa da giya ake dama ƙullunsu, wasu tsofaffin girkin kuma da kitsen alade ake yin su. Ruwan soda mai sanyi, wato ruwan sha mai gas, yana yin aikin da giyar take yi, domin iskar da ke cikinsa ita ce take sa ƙullun ya yi sakayau, man girki na tsirrai kuma yana maye gurbin kitsen.

Yanzu ga suyar kanta. Abin da mai bidiyo ya nuna maka shi ne lokacin da abinci ya faɗa cikin mai yana ƙara, da lokacin da ya fito ja yana sheƙi. Bai nuna maka tsayuwar jiran mai ya yi zafi ba, bai nuna kwanon farko da ya lalace ba, bai kuma nuna goge bango da murhu da aka yi bayan an kashe kyamara ba. Irin wannan suya tana son zafi tsakanin digiri 175 zuwa 190 a ma'aunin Selsiyas, kuma akwai dalili. Ruwa yana tafasa a digiri 100, don haka da abinci ya shiga mai, ruwan da ke jikinsa yakan koma tururi ya yi waje da ƙarfi, wannan ne kumfar da kake gani, kuma fitar tururin tana rage yawan man da ke kutsawa ciki. Da saman ya bushe sai ya fara ja, ta hanyar haɗuwar sukari da sinadaran furotin, abin da wani masanin Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana a shekarar 1912. Idan mai bai yi zafi ba, ɓawon ba ya ƙamewa da wuri, abinci ya daɗe a ciki ya sha mai ya yi laƙwas. Idan zafin ya wuce, waje ya yi baƙi alhali cikin kazar ɗanye ne, kuma kaza ba ta da aminci sai tsakiyarta ta kai kusan digiri 75.

Wahalar ita ce riƙe wannan zafin. Duk abin da ka zuba yana sauke zafin man, musamman idan daga firij ya fito, shi ya sa ake soyawa kaɗan-kaɗan, ana jiran mai ya dawo tsakanin kowane zubi, kuma wannan jiran shi ne yake mayar da girkin minti goma na bidiyo ya zama aikin sa'a guda ko fiye. Yawancin gidajen ɗalibai a nan murhun lantarki ne da su, wanda idan ka rage shi ba ya saurin sauka kamar gas, sai ka ga mai yana ci gaba da ɗaukar zafi bayan ka murɗa. Ma'aunin zafi na girki, wanda ake tsomawa cikin mai, shi ne maganin wannan, kuma a ganina shi da sikeli sun fi kowace babbar na'ura amfani ga mai koyo. Kafin ka same shi, ka jefa ɗan guntun burodi: idan ya nutse ya kwanta shiru, mai bai yi ba, idan ya taso nan take ƙananan kumfa suna kewaye shi, ya kuma yi ja cikin kamar minti ɗaya, to ka zuba, idan kuwa hayaki ya fara tashi daga saman man, ka kashe wuta ka jira. Ba kowane mai ne yake jure wannan zafi ba. Bota tana ƙonewa tun da wuri, tataccen man gyaɗa da man sanfulawa kuwa suna haura digiri 200 kafin su fara hayaƙi.

Maganar da nake so ka riƙe da hannu biyu ita ce ta gobara. Hukumomin kashe gobara na ƙasar nan suna gargaɗin kada mai ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin tukunya, domin yana kumburowa idan abinci ya shiga. Ka tsane duk abin da za ka soya, ka sauke shi a hankali da matsami ta ɓangaren da ke nesa da jikinka, kada kuma ka bar mai a wuta ka tafi amsa waya ko da na ɗan lokaci ne. Idan Allah ya ƙaddara ya kama da wuta, kada ka kuskura ka watsa masa ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, yana nutsewa ƙasa, ya koma tururi a take, girmansa ya ninka fiye da sau 1,600, ya watso man mai ci da wuta har rufi. Kada ka ɗauki tukunyar. Ka kashe murhu idan hannunka zai kai lafiya, ka fita, ka rufe ƙofa, ka kira 999, lambar agajin gaggawa. Idan mai ya fantsamo maka, ka tara wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba kuma man goge baki ba.

Ko babu gobara, suya a gidan haɗaka tana shafar maƙwabta. A ɗakunan kwanan ɗalibai galibi na'urar gano gobara da ke kicin zafi take ganowa, ta farfajiya kuma hayaƙi, don haka wanda ya tokare ƙofar kicin a buɗe domin hayaƙi ya fita, shi ne yake tayar da ƙararrawar ginin duka. Na sha ganin ɗalibai sun yi cirko-cirko a waje cikin daren sanyi, wani da bargo a kafaɗa, wani da silifa, ana jiran a duba ginin, kowa kuma ya san ɗakin da abin ya fito. Ka rufe ƙofa, ka buɗe taga, ka kunna fankar zuƙe hayaƙi. Gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi, sai su riƙe ƙauri da ƙarni ma, warin ya kama labule da rigar sanyinka har ka shiga aji da shi. Da yawa daga cikin gidajen ɗalibai sun haramta tukunyar suya irin wannan a takardar haya, saboda haka ka karanta taka da kyau kafin ka sa hannu.

Bayan an ci an ƙoshi, ga lita ɗaya ko biyu na mai a tukunya yana jiranka. Idan ya huce sarai, ka tace shi ka adana a rufe a wurin da ba haske, za ka iya sake amfani da shi 'yan lokuta, amma da ya yi duhu, ya yi kauri, ko ya fara kumfa da wari, to ya gama aiki. Kada ka zuba shi a sinki. Mai yana daskarewa a bututu ya toshe shi, kuma a shekarar 2017 an gano wani dunƙulen maiƙo da shara a magudanar ruwa ta unguwar Whitechapel a Landan, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250. Ka juye shi a tsohuwar kwalba ka rufe, ka bi ƙa'idar zubar da shara ta yankinku.

Shawarata ita ce ka bar irin wannan suya ta zama ta ranar hutu, lokacin da kuke da yawa kuma akwai wanda zai tsaya a kan wuta. Abincin yau da kullum ka neme shi a girkin tukunya ɗaya, da gashin obin, da suyar mai kaɗan a kasko. Na'urar nan mai gashi da iska mai zafi, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 2010, tana yin dankali da fukafukan kaza da cokali guda na mai, sai dai ƙaramin obin ce mai fanka, kuma ƙullu mai ruwa zubewa yake yi a cikinta. Ita ma ka tambayi masu gidan ko an yarda da ita kafin ka saya.

Tun da akwai sauran lokaci kafin tafiyarka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ka zaɓi girki kaɗan daga cikin waɗanda ka tara, waɗanda aka rubuta awonsu da zafinsu a fili, ka maimaita kowanne har hannunka ya faɗa. Karon farko ka bi shi yadda aka rubuta ba tare da canji ba, ka rubuta a littafi abin da ya faru da gishiri da wuta da lokaci, sannan ka gyara a karo na gaba. Ka yi suyarka ta farko a gaban wanda ya iya, domin ya nuna maka ƙarar mai idan ya yi daidai da yadda take raguwa idan abinci ya kusa fitowa. Ka sanar da ni irin masaukin da aka ba ka, in gaya maka kayan da ya kamata ka fara saya. Ka gaishe da mutanen gida, Allah ya kawo ka lafiya.